Ranar da Layi Ya Zo Kan Mantau

A wani daji mai yawan duwatsu da kwazazzabai akwai wani dogon tudu da dabbobi suke kira Tudun Makwarwa. Wata damina mutane suka hau tudun da mota, suka yi ta aune-aunensu, da suka tashi tafiya motar ta ƙi tashi. Suka buga, suka buga, suka gaji, suka sauka a ƙafa, ba su sake waiwayowa ba.

Mantau, wani gadu da ke zaune da tsohuwarsa a wani rami kusa da tudun, yana cikin waɗanda suka fara ganinta. Ya hau tonon saiwa da hantsi, sai ya tarar da wani abu tsaye, shuɗi kamar sama bayan an ɗauke ruwa, rana tana wasa a jikinsa. Ya matsa a hankali, ya ga wani gadu a jikin ƙofar yana kallonsa. Ya durƙusa ya gaishe shi, sai can ya gane kansa yake gaisarwa. Duk da haka bai tashi ba. Ya daɗe a durƙushe, don bai taɓa sanin ana yin abu mai kyau haka a duniya ba.

Kafin azahar daji ya taru. Akwai wani bika mai suna Korau da ya taɓa zama a hannun masu wasa a birni, shi ya ce sunan abin mota. Ya buɗe ƙofa ya shiga, ya riƙe sitiyari, ya taɓa nan ya taɓa can, ya saki birkin hannu. Motar ta yi ɗan nishi, ta motsa, ta fara gangara. Ba ta da ƙafa, ba ta da fiffike, ba wanda ya kore ta, amma ta bi gangaren nan tana ƙara sauri har ta wuce barewa. Tsuntsaye suka yi tsit. Can ƙasa, daidai wata tsohuwar kirya, Korau ya taka birki ta tsaya cak. Mantau ya ji hawaye yana bin fuskarsa, bai san dalili ba.

Da murna ta lafa aka lura motar ba ta da niyyar komowa sama da kanta. A nan aka kafa Majalisar Mota. Aka naɗa Burtu shugaba saboda tafiyarsa ta ƙasaita da muryarsa mai zurfi. Bauna ya ce shi ya fara jingina da motar, don haka shi ne uban mota. Aka ba Jimina ajiyar makulli, ita kuwa don gudun ɓarayi ta haɗiye shi nan take, majalisa ta yaba mata da riƙon amana. Tunku ya zama bakanike, domin shi kaɗai ke iya shiga ƙarƙashinta ya fito.

Burtu ya gyara murya ya ce, "Jama'a, wannan mota ta kowa ce, ba mai fin wani a cikinta. Sai dai abin kowa yana bukatar tsari. Za a riƙa ba da ita haya. Wanda yake son hawa zai biya da abin da Allah ya hore masa. Mai ƙarfi zai biya da turi, ya mai da ita kan tudu. Mai basira zai biya da shawara. Mu 'yan majalisa mun yarda mu ɗauki nauyin shawarar, ko da za ta hana mu barci. Kowa layinsa zai zo."

Mantau ya shiga sahun masu turi da zuciya ɗaya. Kullum da safe manya su hau su gangara, su kuma gaduna da gwankaye su kafa kai a bayan mota su yi ta nishi har ƙwanƙolin tudu. Gashin goshinsa ya ƙare, wurin ya yi kanta. Bai taɓa jin an cuce shi ba. Shi dai da ya ɗora kai a jikin ƙarfen nan mai ɗumi, ya ji ƙamshin taya da na kujeru yana fitowa ta taga, sai ya ji kamar an ba shi wani matsayi. Idan aka kai sama, yakan tsaya ya share mata laka da gefen fuskarsa kafin ya tafi.

Wajen kula da mota kuwa ba a yi sakaci ba. Duk lokacin da wani abu ya fara ƙara, Tunku ya shiga ya saurara, ya gano abin da ke ƙarar ya cire shi, ƙara ta ɗauke. Haka salansa ta tafi, ƙofofi suka bi ta, sannan rufi. Da masu turi suka yi kukan nauyi, majalisa ta tausaya musu, aka taru aka fitar da injin gaba ɗaya, tunda an bincika an ga ba ya cikin abubuwan da ke motsi idan tana tafiya. Motar ta ƙara sauƙi, ta ƙara shiru, kowa ya ce Tunku ya san aikinsa.

Layin Mantau dai bai zo ba. In an ce gobe, sai baƙi su zo wa Bauna, ko 'yar Jimina ta yi aure. Damina ta bi damina. A gida kuma tsohuwarsa, Inna Yalwa, ƙarfi yana ta barinta. Idonta ya dushe, ba ta fita sai bakin rami shan hantsi. Kullum ya dawo sai ta sa shi ya ba ta labarin motar.

"Auta, da gaske ne wai in kana ciki itatuwa ne ke gudu, kai kana zaune?"

"Haka waɗanda suka hau suke faɗa, Inna."

"Ikon Allah. Ni da na yi gudun zaki, na yi gudun gobara, ban taɓa yin gudu don daɗi ba." Sannan ta ce, "In layinka ya zo ina raye, ka tafi da ni. In bai zo ba, ba komai, ka hau ka zo kan kabarina ka faɗa mini."

Maganar ta tsaya masa a rai. Da ya ga ta fara barin abinci, sai ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya je zaman majalisa. Ya sami wuri a baya ya durƙusa yana jiran a ba shi dama. Ya tarar ana cikin zazzafar muhawara, Bauna yana tsaye yana huci.

"Shugaba, jiya an ci mini mutunci. Surukaina sun taso tun daga wani daji don su ga abin da muke taƙama da shi. Mun gangara lafiya. Muna isa gindin kirya sai wani abu ya ƙwala kuka a ƙarƙashin mota kamar an taka ɗan kwikwiyo. Ƙanen matata ya yi dariya. A gabana! Ina so a san abin da ke kukan nan, a kuma san wanda ya sa shi."

Jimina ta miƙa wuya ta ce, "Ni dai a shaida ba daga wajena ba ne. Makulli yana inda yake tun ranar da aka ba ni, ko motsi bai yi ba. Masu cewa a canza mai ajiya su nemi wata hujjar."

Tunku ya ce, "Allah ya ja zamanin shugaba, na duba. Wani abu ne da ke manne a jikin tayoyi. Duk tsawon tafiya ba ya aikin komai, sai an zo ƙarshe ya kama ihu. Yau ɗin nan zan raba mota da shi."

Aka amince baki ɗaya. Ba a tambayi Korau ba, domin direba ma'aikaci ne, ba ɗan majalisa ba. Mantau ma ya gyaɗa kai, don shi a saninsa duk abin da aka cire sauƙi yake kawowa.

Da aka ba shi dama ya ce, "Ranku ya daɗe, ban zo da ƙorafi ba. Tsohuwata ce jiki ya yi nisa, tana so ta hau sau ɗaya. In da hali a taimaka mana."

'Yan majalisa suka dubi juna. Al'adarsu ce bayan kowane babban gyara ba sa son su riga talakawa jin daɗinsa. Burtu ya ce, "Wannan majalisa ba ta manta da masu yi mata hidima. Gobe da hantsi mota taka ce, kai da mahaifiyarka."

Washegari Mantau ya tallafo Inna Yalwa, suna tafiya suna hutawa, har kan tudu. Ya ɗora ta a kujerar baya. Ta shafa kujerar da hancinta, ta ce, "Auta, wannan laushi haka, kamar cikin uwa." Ya zauna a gaba kusa da Korau. Abokan turinsa suka janye dutsen da aka tare taya da shi.

Da fari a hankali ta fara, ƙasa tana zamewa a ƙarƙashinsu kamar ruwa. Sai iska ta taso ta cika masa kunnuwa. Mantau ya san kowane dutse na hanyar nan, amma da kai a sunkuye ya san su. Yau ya ɗaga ido, ya ga dajin gaba ɗaya shimfiɗe a gabansa, kore har inda sama ta sauko ta taɓa shi, garken giwaye can nesa kamar tururuwa, wani kogi yana walƙiya a ƙarshen duniya. Itatuwa suka taso da gudu suna wucewa. Ashe gaskiya ne. Ya buɗe baki zai yi magana, iska ta shige.

Da suka doshi kirya Korau ya taka birki. Ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba ta tarar da komai ba. Ya sake takawa. Ya dubi Mantau, Mantau ya dube shi. Wani reshe ya zo wucewa ta kansu, Korau ya ce, "Riƙe nan, ina zuwa," ya yi tsalle ya kama reshen. Kirya ta wuce kamar ƙiftawar ido.

Mantau ya kafa haƙoransa a sitiyari, ya danne da ƙafafun gaba. Bayan kirya ba hanya, sai gangaren da ba wanda ya taɓa bi da mota. Ciyawa tana dukan fuskarsa, fakaru suna tashi ta ko'ina. Ga wani ƙaton suri ya taso musu, ya murɗa wuya da duk ƙarfin da turi ya tara masa, suka goge shi suka wuce. Abin da yake tunani ɗaya ne, shi ya ɗauko tsohuwarsa da kansa ya kawo ta ga ajali.

Sai ya ji murya daga baya. Inna Yalwa ce, ta ɗaga hanci sama, kunnuwanta suna kaɗawa, tana dariya irin wadda bai ji ba tun yana ƙarami.

"Auta! Ka ce wa direba ya ƙara!"

Bai iya amsawa ba, bakinsa yana cike da sitiyari. Gangaren ya miƙe ya zama fadama, fadama ta zama rairayi. Motar ta fara sassautawa, ta shiga bakin kogin nan da ya hango daga sama, ruwa ya tashi gefe da gefe fari fat, rana ta zana bakan gizo a cikinsa. Ta ɗan ƙara gaba, ta tsaya a hankali, ruwa iya rabin taya. Balbelu suka tashi suka zagaya su suka sake sauka.

Can tsohuwar ta sauke numfashi ta ce, "Kullum haka manya suke ji?"

Mantau ya saki sitiyari, muƙamuƙinsa yana ciwo. Ya ce, "A'a, Inna. Su a kirya suke tsayawa."

"Allah sarki," in ji ta. "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Taimaka mini in sauka in sha ruwan nan, yunwa ma nake ji."

Sai la'asar suka isa gida. Inna Yalwa ta ƙara ganin wata damina, kuma duk wanda ya zo gaishe ta sai ya ji yadda itatuwa suke gudu. Da ta rasu, fuskarta a sake take.

Majalisa ta zauna a kan lamarin. An sami Mantau da laifin wuce iyakar haya da kuma tuƙi ba izini, aka yanke masa hukunci mafi tsanani da aka sani, wato an hana shi tura mota har abada. Ya karɓa da ladabi. Korau ya sami yabo saboda ya tsira da ransa don ya kawo rahoto. Aka kafa kwamitin da zai duba yadda za a dawo da motar kan tudu, Bauna yana shugabanta, kuma yana zama a kai a kai. Kowace damina rairayi yana ƙara hawa jikinta, kwaɗi suna kwana a kujerar baya. Masu son haya ba su daina zuwa kama layi ba, Burtu kuma bai daina tabbatar musu cewa kowa nasa zai zo ba.

Mantau yakan gangara bakin kogin wani lokaci da yamma, ya durƙusa daga nesa yana kallon abin da ya rage na shuɗin, har rana ta faɗi.

Tun daga wannan rana motar ba ta sake yin haɗari ba, kuma majalisa tana yawan ambaton haka.