Ranar da Waƙar Gaɗa Ta Guje Mini

Da na je hutu ƙauyenmu kusa da Wad Haddad, na tarar 'ya'yan yayata suna wasa da Larabci zalla.

"Mu a dandali muka ƙware da Hausa," na ce, ina hura hanci. "Yalla, ku zagayo, yau za ku ga gaɗa."

Na ci ɗamara, na rera baitin farko. Na biyu ya ƙi zuwa. Ina ta tafi baki buɗe har maƙwabta suka leƙo. Don kunya na ƙarasa da waƙar bikin Larabawa.

Inna ta yi dariya har da hawaye. Nawa hawayen na kewar ƙawayen da ke karɓa mini ne.

Har yau in na buga waya sai yaran su ce, "Halti, ƙanwar mama, kin tuno sauran?"