Ƙaguwar Teku da Kunamar Keita

Ba zan taɓa mantawa da ranar da ansifekta, mai duba aikin malamai, ya shigo ajina a Keita ba. Lokacin ina ɗan kwantiragi, ban daɗe da gama jami'a ba, kuma abin da zai rubuta a kaina shi zai nuna ko za a bar ni a lakwal ɗin, wato makarantar, baɗi.

Darasin kan wata ƙaguwa ce da ke zaune a duwatsun ƙarƙashin teku, can inda ruwa ke da ɗan sanyi. Bayanta laushi gare shi, sai ta nemi ƙwanson da mai shi ya mutu, ta shige. In ta girma ta sake wani. Abin ya daɗe yana ba ni mamaki (ni da ban taɓa ganin teku ba sai a littafi). Wai ma ba ta shiga sai ta laluba cikinsa da ƙafafunta tukuna.

Don yara su gane, na tsinto babban ƙwanson dodon koɗi a bakin tafki. Sau huɗu na maimaita darasin a ɗaki, ina gardama da kaina kan kowace kalma.

Ina ɗaga ƙwanson, wata ɗaliba mai suna Rabi ta ɗaga hannu (a wajenmu "mushe" ake ce wa malamin lakwal). "Mushe, kun kakkaɓe shi kuwa?"

"Mi za a kakkaɓe?" in ji ni. "Nan ƙasarmu, a iya sanina, babu halittar da ke zama gidan wani. Ku duba yadda ƙaguwar ke shiga."

Na zura ɗan yatsa. Ashe da mai gida a ciki, wata 'yar kunama.

Ban san ina da irin wannan murya ba. Na yi cilli da ƙwanson, na kira sunan innata sau biyu, gaban yara da ansifekta. Shi kuwa ya taso a natse, ya cire takalmi ya gama da ita.

"Sannu, mushe. Ci gaba, muna saurare."

Na ƙarasa darasin yatsa a kumbure, Rabi na ta cizon bakin hijabinta don ɓoye dariya.

An bar ni a aikin, alhamdulillahi. Amma da zai tafi ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka san teku, ɗana. Saura Keita."

Ƙaguwar da ba ta je jami'a ba tana lalubawa kafin ta shiga. Ni na koyar da hakan, na zura yatsa kai tsaye. Yau ko hulata ce, sai na kakkaɓe.