Ƙanƙarar da Kaka Ya Ɗauko Daga Tudu

Ranar Litinin, tara ga watan Maris, na fara ganinsu. Ni ne magatakarda a ofishin da ke raba filayen masana'antu na bakin teku, kuma ranar ce za mu rufe karɓar masu nema. Wata budurwa ta shigo neman fili kusa da inda masunta ke sauke kifi, za ta kafa injin ƙanƙara. A ƙa'idarmu sai da mai tsaya wa mutum. Mai tsaya mata kakanta ne, ya biyo ta da buhu a kafaɗa, rigarsa sharkaf.

"Sannu, Malam, ya aiki?" ya ce da ni. "Ka ga matar da na aura? Fili na ba ta a bayan gidana, can kan tudu, ta ce ita sai bakin ruwa, kamar ƙaguwa."

"Malam, tambaye shi abin da ke cikin buhun," in ji ta.

"Ƙanƙara ce. Daga gida na ɗauko ta, don in nuna mata ko a tudu aka yi ta, lafiya za ta iso wa masunta."

"To buɗe mana, angona."

"Ba na buɗe kayana gaban baƙi."

"Da muka fito ta kai girman kanka. Yanzu ko haƙorin nan naka guda ɗaya ya fi ta."

"Iskar teku za ta cinye miki inji da tsatsa."

"Fenti zan shafa masa. Kai da ka yi tsatsa ba teku, me ya ci ka?"

"Zama da ke."

"Tsoho, a unguwarka wuta sai ta ga dama take zuwa. Nan ga wuta, ga titi, ga masu saye a bakin ƙofa, kifinsu na jiran sanyi."

"Na sake ki."

"Ka sa hannu tukuna, sai in tattara kayana."

Ya sauke buhun, yana kallon ruwan da ke bin ƙasan teburina.

"In kin tare a nan," ya ce a hankali, "wa zai riƙa tsokanata da safe?"

"Wa ya ce barinka zan yi? Maigadi nake nema, mai munin da zai kori ɓarayi. Har ɗaki na sa a yi maka a jikin shagon."

Dariya ta ƙwace masa. Ya laluba cikin buhun, ya fito da 'yar ƙanƙara kamar ragowar sabulu, ya ɗora mata a tafin hannu.

"Ga jari. Kada ki ce ban ba ki komai ba."

Ya sa hannu. Sai da na shanya takardar a gaban fanka kafin in adana ta.

An ba ta filin. Injin yana aiki, har ta ɗauki ma'aikata. Tsohon kullum yana zaune a bakin ƙofa, yana gaya wa masunta cewa shi ne ya zaɓi wurin.