Ranar da Ya Kellumi Ta Wanke Bohol

Jama'a, ku taya ni jaje. Ni Abdulhakeem, da aka binne cibiyata a Jimeta shekara sittin ba ɗaya da suka wuce, ni ne aka ɗora a bayan Keke Napep wata Talata ta watan jiya, aka rataya mini kyamara a wuya, ana nuna mini kogin Binuwai da yatsa wai in duba. Na duba. Kogin nan dai ne da na sha ruwansa har na ƙoshi ina koyon iyo. Amma tunda na riga na biya kuɗin yawon, sai na gyara hula na ce, "Kai, masha Allah!"

Kafin ku ce tsufa ya fara taɓa ni, ku tsaya ku ji dalili.

A layinmu, can ƙarshen Yolde Pate, muna da bohol. Ina nufin muna da ginin bohol: daɓen siminti, kan famfo huɗu, da tanki a sama da tantabaru suka mayar gida. Shekara shida ke nan da Mai Girma Sarkin Almakashi, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, ya zo da jiniya ya yanke ƙyalle. Ya murɗa famfo, ruwa ya zubo, ya tara hannu ya kurɓa, muka yi tafi har tafinmu ya yi ja. Motarsa ta ƙarshe ba ta gama shan kwana ba ruwan ya ɗauke. Har yau muna jiran ya dawo, shi ko ruwan, duk wanda ya riga.

Ni ina da babur, ina ɗauro jarka biyu daga cikin gari. Wadda abin ke ci ita ce maƙwabciyata Ya Kellumi. Dattijuwa ce 'yar Borno, ta iso Yola da ƙafa a shekarar da garuruwa suka yi ta faɗuwa, da jikoki uku da tukunya ɗaya. Ba ta taɓa roƙon kowa komai ba. Kullum da sassafe takan ari kurar turawa, ta jera jarkoki, ta tafi wata rijiya mai nisa, ta dawo tana turawa tana tsayawa tana dafe ƙugu. Idan na wuce ta a kan babur kunya ce ke kama ni, kuma ba ni na kashe bohol ɗin ba.

Sai aka ji an kafa Kwamitin Sake Duba Ayyukan da Aka Riga Aka Duba, wai za su rubuta matattun bohol a gyara, kuma ranar Juma'a za a rufe rajista. Mutanen layi suka ce tunda ni ne mai dogon baki a jarida, ni zan je. Na je. Akawun kwamitin ya saurare ni da ladabi, sannan ya jawo fayil ya zaro hoto ya ajiye mini. Ga Mai Girma nan, ruwa na tsiyaya ta tsakanin yatsunsa, ga ni ma a gefe baki buɗe ina tafi.

"Baba, wannan ba kai ba ne?"

Na ce ni ne.

"To ka gani. A wurinmu bohol ɗinku yana aiki. Hoto ne ya buɗe shi, sai hoto zai kashe shi. Kawo mana hujja."

Na zaro wayata na nuna masa wanda na ɗauka. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ce, "Baba, wannan bohol ne ko akuya ce a kwance?" Ya ce sai hoto mai inganci, na ƙwararre.

Ƙwararre a garin nan kuwa kowa ya ce sai Haladu. Na same shi a shagonsa a Jimeta, ya ce ai shi ya daina hoton ɗai-ɗai. Tun da rikici ya cika garin da ma'aikatan agaji, sana'arsa ta koma zagayawa da baƙi: ka ɗauke shi kai kaɗai yini guda, ya ara maka kyamara, ya nuna maka gari, ya koya maka inda ake tsayawa. Amma ya ce zango na ƙarshe baƙo ne ke zaɓa. Na ce to na zaɓi bohol. Ya ce Talata kawai ke gare shi, sauran kwanakin Turawa sun kama har Asabar. Kun ji yadda aka yi na zama ɗan yawon buɗe ido a garin ubana.

Da safen Talatar, kafin in fita, na ce da mai ɗakina Azumi ta faɗa wa matan layi mai hoto zai zo bayan la'asar, kowa ta fito da jarkarta babu ruwa. Ta ce, "To, Baban Nahla." Ku riƙe wannan "to" ɗin, za mu dawo kanta.

Bayan kogi, Haladu ya sa mai keke ya kai mu wani gini da aka ce asibitin unguwa ne. Gaba an shafe shi da fenti fari da kore, tagogi na ƙyalli. Na ɗaga kyamara daga inda nake tsaye, sai ya dafe mini hannu, ya kira ni da sunan girmamawa irin na Fulatanci.

"A'a, Barkama! Daga nan za a ga babu rufi. Matso hagu taku uku. Durƙusa. Ka ga reshen darbejiyar nan? Sa shi ya rufe sama. Yawwa, danna."

Na danna. Wallahi da na duba, sai da na ji sha'awar in yi rashin lafiya a kwantar da ni a wurin. Na zagaya baya don in yi fitsari, na tarar da wani bawan Allah ya shuka kuɓewa a ɗakin haihuwa, har ta fara 'ya'ya.

Daga nan sai wani titi da aka shimfiɗa wa kwalta. Kwaltar taku arba'in ce, na ƙirga da ƙafata, daga nan sai rairayi da ramuka har inda ido ya tsaya. Haladu ya ce in kwanta rub da ciki. Na ce da farar rigata? Ya ce manyan 'yan jarida ma sun kwanta a nan. Na kwanta, na ɗora kyamara a ƙasa, titi ya miƙe baƙi wuluk har ya haɗe da sama. Wata mata mai tallan awara ta tsaya a kaina tana tambayar mai keke ko farfaɗiya gare ni.

Muna cin masa a bakin kasuwa na tambaye shi inda ya koyi wannan ilimi. Ya ce shekara goma sha biyar yana bin ayarin manya. Duk inda za a yanke ƙyalle shi ake fara turawa tun jajibiri, ya zagaya ya nemo gefen da aka gama.

"Barkama, kowane aiki a ƙasar nan yana da gefe ɗaya mai kyau. Ko tubali uku aka ɗora, akwai inda za ka tsaya su zama bene. Aikina ke nan. Ni ban taɓa ƙara komai a hoto ba, tsayuwa kawai na iya."

Na ce to ya san bohol ɗin ƙarshen Yolde Pate? Ya ajiye masarsa ya yi dariya har da buga cinya.

"Mai kai huɗu? Ai ni na ɗauka! Ranar mun sha wahala. Tankar ruwa muka ɓoye bayan katangar makarantar allo, aka jawo tiyo ta ƙarƙashin tabarmar manyan baƙi. Wani mai ƙiba ya taka tiyon, ruwa ya tsaya, sai da aka roƙe shi ya ɗaga ƙafa."

Na tuna mai ƙibar. Na tuna har ɗaga ƙafar da ya yi, a lokacin na ɗauka rawa yake. Raina ya ɓaci, amma kuma sai na ji daɗi: wanda ya raya bohol da ƙarya, shi zai kashe shi da gaskiya. Na ce masa yau ina son mummunan hoto, wanda duk mai imani ya gani zai yi hawaye. Ya ce bai taɓa gwadawa ba, amma zai yi ƙoƙari.

Tun daga bakin layi na fara jin ƙamshin turaren wuta. Gabana ya faɗi. Muna shan kwana na hango taro kamar gidan suna. Matan layinmu kaf sun fito, kowa ta sha ado, ga lalle, ga kwalli, Azumi ta ɗauro atamfar da take ajiya don biki. An share wurin tas, an kori awaki, an kwashe tarin ledar da ta shekara shida a magudana. Jarkokin ma an wanke su an jera kamar kayan ɗakin amarya. Ya Kellumi na tsakiya cikin laffaya ruwan goro, wadda ban taɓa sanin tana da ita ba.

Sannan na dubi bohol ɗin. Daɓen a jiƙe yake sharkaf, yana sheƙi. Kan famfo huɗun an goge su da toka da soso. Ruwa har ya gangara magudana ya yi ɗan tafki.

Na ce, "Innalillahi! Ya Kellumi, wa ya zuba ruwa a nan?"

Ta ce, "Ni ne, Malam. Sawu biyu na yi yau. Ɗaya na gida, ɗaya na wanke wannan."

"Ai hoton don a ga babu ruwa ne!"

"To ai babu. Amma hoto zai je ofis, manyan mutane zai gani. Kana so a ce matan layin nan ƙazamai ne? Kashin tantabara ya rufe wurin, Malam. Ni a garinmu ko baƙon kwana ɗaya ba ya ganin tsakar gida haka."

Na juya wajen Azumi. Ta ce ita abin da na faɗa ta faɗa, mai hoto zai zo. Kuma wace mace ce za a ce mata mai hoto zai zo ta fito da zanen wanke-wanke? Na dubi jikina, ni ma farar rigar Juma'a na sa.

Na ce a jira daɓen ya bushe. Haladu ya dubi rana ya ce minti goma ya rage masa, bayan haka sai duhu, kuma gobe yana da Turawa. Na roƙi matan su ɓata rai. Suka yi iyakar ƙoƙarinsu, Allah ya sani, Ya Kellumi har ta haɗe gira. Haladu ya ɗaga kyamara a tsaye kamar yadda muka yi alkawari. Sai na ga ƙafarsa ta matsa hagu da kanta. Taku ɗaya, biyu, uku. Sai gwiwa ta kai ƙasa. Kafin in yi magana bakinsa ya riga shi: "Hajiya, ɗan murmushi!" Matan suka fashe da dariya, ya danna.

Ban taɓa ganin hoto mai kyan wannan ba. Rana ta faɗo ta bayan tanki ta zuba wa kowa zinariya. Ya Kellumi na dariya, hannunta a kan famfo, ga wani ɗigon ruwan wanki ya maƙale a bakin famfon yana walƙiya. Haladu ya kalla ya kalla, ya ce, "Barkama, ka yafe ni. Hannun ne ya saba."

Duk da haka na kai shi ranar Laraba, da dogon bayani a rubuce shafi biyu. Akawu ya ajiye bayanin gefe, ya riƙe hoton da hannu biyu, ya kira na ofishin kusa su zo su gani. Na ce ruwan wanki ne, daga rijiya aka turo shi. Ya ce, "Baba, mu da hoto muke aiki." Ya nemi in bar masa, wai don fayil. Juma'a aka liƙa sunayen bohol da za a gyara. Na karanta daga sama zuwa ƙasa, na sake daga ƙasa zuwa sama, babu namu.

Jiya ina layin mai, awa ta uku, na ɗaga kai don in miƙe wuya. A kan wani ƙaton allo a bakin shatale-tale, ga Ya Kellumi nan ta fi bene tsawo, tana dariya, ga Mai Girma Sarkin Almakashi an manna shi a gefe yana ɗaga hannu. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe wai alkawari ya cika, ruwa ya wadata. Na bar layin ban sha man ba, na tura babur har gida, ina ta shirya yadda zan faɗa mata.

A hanyar rijiya na same ta, ta tsaya da kurarta tana dafe ƙugu. Ashe jikokinta sun riga sun kai ta ta gani. Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni.

"Laffayan ya fito da kyau, Malam. Da shi na gudo, ban taɓa sawa a Yola ba sai ranar."

Ta gyara jarkar da ke yoyo. Idona ya cika, na kau da kai.

Sannan ta ce, "Tunda kai kana shiga ofis, ka tambaye su. Wancan famfon na sama da yake kawo ruwa, za su bar ni in hau in ɗiba? Ya fi rijiya kusa."

Na ce zan tambaya. Na kama mata kurar muka tura tare.

Don haka, masu karatu, duk mai dogon tsani a Jimeta ya taimaka ya ara mana. Kada dai ya yi masa fenti kafin ya kawo, don kada a zo a yanke masa ƙyalle.