Fentin Jirgi a Kurtun Baba

Shekara biyu na yi a ɗakin gwaje-gwajen jami'a ina haɗa fentin girafin, wani baƙin ruwa da za a shafa wa fukafukin jirgin sama don kada ruwa ko tsatsa su kama su. Duk wahalar nan, abin da na samu bai cika kwalbar turare ba. Ranar Litinin kuma baƙi za su zo daga ƙasar waje su gwada shi.

Ban yarda da abokan aikina ba, sai na taho da shi gidanmu a Ƙofar Na'isa. Na juye shi a wani tsohon kurtun tawada da ke zauren Baba, ina ta yaba wa kaina. Wane ɓarawo ne zai kalli kurtu?

Ranar Lahadi da hantsi na tarar da Baba a bakin rijiya yana ta dirzar allo.

Ya ce, "Wace irin tawada ka kawo mana? Alluna bakwai na rubuta, duk sun ƙi wankuwa."

Na leƙa kurtun, babu ko ɗigo. Na zauna a ƙasa.

Washegari na tsaya gaban baƙin hannu rabbana. Shugaban sashenmu ko kallona bai yi ba, aikin kuma aka ba wasu.

Har yau, in jirgi ya ratsa ta saman unguwa, Baba yakan ɗaga kai ya ce, "Injiniya, wancan ma ba ya wankuwa?"