Casa'in da Takwas a Goshin Inna

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da safiyar da na tarwatsa ƙofar wani asibiti a Tarauni da bakina.

Lokacin korona ne. Sana'ata kwalliyar amare, ina da ɗan shago a Gyadi-Gyadi, sai aka hana taron biki. Amare suka ɗauke ƙafa, kayan kwalliyata suka fara bushewa. Ina zaman banza wata ƙawata ta ce min ana ɗaukar marasa aiki a koya musu taimaka wa ma'aikatan asibiti na ɗan lokaci, don hannu ya yi kaɗan. Na ruga na ba da sunana.

Horon na kwana biyar ne (biyu daga ciki a jiran wuta muka yi su, don a kunna majigi). Ajin namu kuwa abin kallo: tela daga Unguwa Uku, makaɗin biki, malaman makarantun kuɗi da aka sallama. Mai koya mana Sista Rifkatu ce, wata nas 'yar Kudancin Kaduna da ta kusa ritaya. Tana bayani, ni ina gyara takunkumi ina ɗaukar kaina hoto. Abu ɗaya ne ya shiga kaina: in na'urar auna zafin jiki ta wuce talatin da takwas, akwai matsala. A unguwa kuwa tuni na shaida wa kowa ina "ɓangaren lafiya". Har shawarar magani na fara bayarwa, ni da ko sunan farasitamol ban iya rubutawa ba.

Aka ajiye ni a ƙofa da na'urar nan mai kama da bindiga. A rana ta uku wani mai adaidaita ya kawo mahaifiyarsa, tsohuwa, a duba mata hawan jini. Na saita mata a goshi, na duba. Casa'in da takwas!

"Korona! Ku matsa! Korona ce!"

Layi ya watse. Mai gadi ya bar takalminsa ɗaya a wurin. Wata mai tsohon ciki ta tsallake kwata kamar 'yar wasan tsere. Tsohuwa ta zube ƙasa tana kalmar shahada.

Ɗanta ya ce, "Hajiya, don Allah ki sake dubawa. Wallahi jiya ma ita ta tuƙa mana tuwo."

Na ce, "Malam, ni aka horar ko kai?" (Har yau in na tuna wannan maganar sai na rufe fuska.)

Sai ga Sista Rifkatu, a hankali, ko gaggawa ba ta yi. Ta karɓi na'urar ta ɗora a goshina, ta juyo min da ita. Casa'in da tara.

"Kin fi Inna da ɗaya," in ji ta. "Wuce ɗakin killacewa."

Sai ta nuna min wani ɗan maɓalli a jikin na'urar.

"Yarinya, lissafi biyu ne a jikin abin nan. Dogon farcenki ne ya danna maɓalli ya koma ɗayan. A wanda na koya muku, mutum ya kai casa'in da takwas ai ya dahu."

Ta danna, ta sake auna tsohuwar: talatin da shida da ɗoriya. Ta durƙusa ta ɗaga ta, "Sannu Inna, lafiyarki ƙalau."

Sai dai ba ƙalau ɗin ba ce. Firgicin da na jefa ta ciki ya sa jininta ya hau, aka kwantar da ita har la'asar, ɗanta ya rasa aikin yinin. Da na je ba ta haƙuri, kallona ta yi daga sama har ƙasa ta ce, "'Yar nan, Allah ya shirye ki."

Washegari aka yanke min farce, aka mayar da ni wajen bokitin wanke hannu. Wata biyu ina matsa wa mutane sabulu.

Tun daga nan, in na ga abin tashin hankali, kafin in ɗaga murya nakan tambayi kaina ko ni ce na danna wani abu. Sau da yawa kuwa ni ce.