Yadda Za Ka Nishaɗantar da Yara a Bikin 'Yar Di'o

Kai da aka ɗora wa kula da yara a bikin tuna ranar haihuwa, kwantar da hankalinka. In ka bi matakan nan bakwai, na yi maka alkawari ba yaron da zai koma gida bai ji daɗi ba. Ban ƙaro ko ɗaya daga kaina ba. Duka na ɗauko su ne daga Halliru, Sarkin Barikin Wurno, mutumin da ya shekara goma sha huɗu yana share masaukin Turawa, yana kai musu ruwa da itace da ƙwai, har ranar da Di'on da ake kira Jan-Kunne ya sauka rangadi da matarsa da 'yarsa.

Mataki na 1: Kada ka taɓa cewa ba ka sani ba

Ranar Talata da hantsi, Ƙasimu tafinta ya sami Halliru a bakin rijiya.

"Sarkin Bariki, Uwargida tac ce jibi za a yi bikin haihuwar ɗiyatta."

"Masha Allah! Ashe ciki gare ta?"

"A'a, wagga dai mai jan gashi. Jibi za ta cika shekara biyar."

"To sai yanzu za a yi mata suna?"

"An yi tun Ingila. Tunawa za a yi. Tana son yara goma, kuma kai za ka sa su wasa. Ka iya?"

Halliru bai taɓa jin an tuna ranar haihuwar mutum ba. Shi kansa iyakar saninsa, an haife shi shekarar fara. Amma ya tuna bara wannan Di'on ya tuɓe Sarkin Barikin Rabah don zakara ya yi cara kusa da tagarsa. Sai ya gyara rawani ya ce, "Hwaɗa mata ba abin da nif fi iyawa."

Ka riƙe wannan. A aikin Bature, wanda ya riga kowa gyaɗa kai shi ake kira gwani.

Mataki na 2: Ka gayyato yaran da dabara

Kada ka bi gida-gida kana cewa Bature na neman yara. Halliru ya yi haka, ya wuni bai sami ko ɗaya ba. Ranar ƙarshe da Turawa suka tara yara, lamba aka yi musu a dantse. Kafin nan kuma, makarantar boko aka kwashe su. Gwaggo Tani, tsohuwar da ke makwabtaka da shi, ta cusa jikarta Habi cikin rumbu, ta rantse yarinyar ta tafi Goronyo, ga Habi tana ta atishawa daga ciki.

Da ya koma gida a jigace, matarsa Kaltume mai ƙosai ta ce, "Malam, kai ma dai. Ka ce akwai alewa."

"Ke, wanga aikin Turawa ne, ba naki ba. Ranar kuma kada in gan ki bariki."

Sannan ya fita ya raɗa wa yaro ɗaya tak cewa akwai alewa. Ranar Alhamis bayan azahar yara arba'in da uku suka cika filin bariki, har da na Magarya da Dinawa, wasu da ƙannensu a goye. Uwargida ta ƙirga zuwa ashirin ta daina, ta dubi Halliru.

"Hwaɗa mata goman na ciki," in ji shi.

Mataki na 3: Ka fara da wasan kujeru

Ga yadda yake: a jera kujeru, a kunna garmaho, yara su yi ta zagaye, da kiɗa ya tsaya kowa ya yi wuf ya zauna. Wanda ya rasa kujera ya fita. Kujeru huɗu ne a barikin, kada wannan ya dame ka.

Yara suka zagaya. Kiɗa ya tsaya daidai lokacin da Di'o ya fito baranda. Duk arba'in da ukun suka zube ƙasa suka durƙusa, domin ba wanda uwarsa ta koya wa hawa kujera a gaban manya. 'Yar Di'o kaɗai ta hau, ta zauna tana dube-dube kamar wadda aka yi wa horo.

A zagaye na uku Habi ta yi ta maza ta ɗare kujera ɗaya. Daga bayan zana, inda iyaye mata suka yi layi suna leƙe, muryar Gwaggo Tani ta tsaga filin: "Ke Habi! Sauka, marar kunya! Ubanki ma bai taɓa hawa ba!"

Habi ta sauka. In wasa ya ƙare ba wanda ya ci, ka ce kowa ya ci.

Mataki na 4: Ka kawo jaki

Uwargida ta zana jaki marar wutsiya a takarda, ana ɗaure wa yaro ido ya lalubo inda zai liƙa masa ita. Abin da ya iso kunnen Halliru ta bakin tafinta shi ne: a ɗaure ido, a nemo wutsiyar jaki. Don haka tun kafin ta fito da takardarta, ya tare Lawwali mai albasa yana dawowa daga fadama, ya jawo jakinsa har da mangala cike.

Gwani shi ke fara nunawa. Halliru ya rufe idonsa da bakin rawani, ya miƙa hannu, ya laluba, Allah ya ba shi sa'a ya cafko wutsiyar. Jakin ya ba shi amsa a cinya, ya yi kuka, ya zabura. Albasa ta watsu har ƙarƙashin motar Di'o. Yara suka bi ta da ihu, Lawwali ya bi jakinsa yana salati.

A nan ne 'yar Di'o ta yi dariyar farko, sauran kuma suka kewaye Halliru yana kwance suna tsalle: "Baba Halliru, sake! Sake!"

Kada ka sake.

Mataki na 5: Ka kula da wuta

Halliru ya ɗingisa bayan bariki ya ɗebo ruwa a bokiti don ya wanke ƙurar jikinsa. A bayan idonsa Uwargida ta fito da kek, wata gurasar Turawa mai suga da ta ɗauko tun daga Sakkwato a kan cinyarta. Ta soka masa kyandir biyar, ta kunna, ta ce wa 'yarta ta hure.

Abin da Halliru ya gani da ya zagayo shi ne wuta a ƙarƙashin rufin bunu, ga yarinya ta sunkuyar da kai, gashinta na lilo a kan harshen wutar. Shekara goma sha huɗu dokar farko da ya sani ita ce ba a kunna wuta a barandar nan. Bai yi shawara da kowa ba. Ya sheƙa bokitin gaba ɗaya.

Ruwa na ɗiga daga haɓar yarinyar. Kunnuwan Di'o suka nuna dalilin sunansa. Sai yarinyar ta fashe da kuka, goyayyun suka karɓa, masu goyon suka taya su. Halliru na tsaye da bokiti, yana tunanin ko Lawwali zai ɗauke shi aikin ban ruwa.

Mataki na 6: Ka ja da baya, cikin mutunci

Kaltume ta ɗaga zana ta shigo da ƙwaryar ƙosai a ka. Ba ta dubi mijinta ba. Ta durƙusa ta gaida Uwargida, ta jawo yarinyar, ta goge mata fuska da gefen mayafi, ta danƙa mata ƙosai mai zafi.

"Mi anka yi maki, 'yar nan? Ci abinki." Ta juya ga sauran ta buga tafi. "Ku kuma mi kuka jira? Ku kewaya!"

Ta ɗauko waƙar gaɗa. 'Yan mata suka jeru, ɗaya ta faɗo da baya, suka cafe ta suka cilla sama. Habi ta kamo hannun 'yar Di'o ta tura ta tsakiya. Ta faɗo a tsorace, aka cafe, aka cilla, ta dire tana ƙyalƙyala dariya, ta koma da gudu a sake. Maza suka ware gefe suna langa. Jiƙaƙƙen kek ma bai yi kwantai ba, da hannu aka sheƙe shi. Har rana ta yi ja ba wanda ya tuna da garmaho.

Aikinka a wannan mataki shi ne ka tsaya gefe kana gyaɗa kai, kamar haka ka tsara.

Mataki na 7: Ka karɓi yabo

Da aka watse Di'o ya sa aka kira shi. Halliru ya zube ya ce, "Zaki!"

"Wane ne ya shirya wannan?" in ji Di'o ta bakin tafinta.

Halliru ya saci kallon Ƙasimu, yana auna ko laifin zai zauna a kan tafintan. Kafin ya buɗe baki Di'o ya ci gaba: "Matata ta ce tun da muka zo ƙasar nan, yarinya ba ta yi murna kamar yau ba."

"Ni ne, ranka shi daɗe. Har jakin."

Aka bar masa barikinsa. Kaltume na bakin zana tana ji, ta ɗauki ƙwaryarta ta yi gida.

Washegari da sassafe ya buɗe ƙofar gida ya tarar da yara tara a tsugune.

"Lahiya?"

"Baba Halliru, yau anka haihe mu. Inna Kaltume tac ce duk wanda anka haiha yau shi taho wurinka, kai ne gwani."

A Wurno ba a rubuta ranar haihuwar kowa ba, don haka ba yadda za a yi ya ƙaryata su. Kafin a yanke gero an haifi Habi sau huɗu. Wata Juma'a kuma Gwaggo Tani da kanta ta dogaro sanda ta zo, ta ce ta yi tunani sosai, ita ma ranar Juma'a kamar wannan aka haife ta, kuma ba ta da haƙoran alewa, sai dai a kawo jakin.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya same ka. Harbin jaki, fushin Bature, asarar albasa, da yaran da za su wayi gari a ƙofarka, duk naka ne kai kaɗai. In ka kawo ƙara, zan ce ban san ka ba, in kuma ka matsa, in ce yau aka haife ni.